Duwatsun da Na Sa Aka Juya

Yaya Sikira ba ta kira na a waya sai an yi mutuwa. Saboda haka da sunanta ya fito a wayata ranar wata Laraba da hantsi, ina ofis a Ibadan, sai na fara duba tsofaffin danginmu a zuci, in ga wa ya rage.

"Ba wanda ya mutu," in ji ta, tun kafin in gaishe ta. "Akawu, an shafa wa gidan ubanka jan fenti."

Akawu take ce mini tun ranar da aka sa ni a firamare, kuma digiri biyu ba su ƙara mini girma a bakinta ba.

"Wane irin fenti, Yaya?"

"Irin wanda ake shafa wa ragon da aka riga aka saya. Mutanen ƙaramar hukuma ne suka zo. Sun ce bangon gaba ya yi ciki, yana zubar da ɓawo. Shekaranjiya wani ɓallin dutse ya faɗo cikin tiren mai gyaɗa, Allah ya sa ba a kanta ba. Mako uku suka ba mu, kafin ruwan farko. Ko a gyara bangon, ko su kawo katafila su kwashe gidan gaba ɗaya. Ni kuma a ciki nake kwana, a ciki nake tuƙa amalata. Ka zo ka ga aikinka."

"Aikina?"

"A'a, aikin maƙwabta," in ji ta, ta kashe wayar.

Ranar Asabar na shiga mota na nufi Oke-Olo. Tun daga nesa tsaunin ya fito, an cinye masa gefe guda, tifofi suna sauka daga kansa cike da tsakuwa. Na ajiye motar a bakin tsohuwar kasuwa, ƙarƙashin allon da ke yi wa baƙi maraba da zuwa unguwar tarihi. Ni na rubuta abin da ke jikin allon. Rana ta cinye rabin kalmomin, kuma ba zan ce an yi asara ba.

Gidaje goma sha ɗaya ne a layin, duka na dutse, duka aikin mutanen da suka haƙo duwatsun da hannunsu. Goma suna tsaye yadda na san su tun ina yaro, baƙi ƙirin, ba kyau ba ado, awaki suna goga jiki a gindinsu. Na sha ɗayan shi ne namu. Shi kaɗai ne baƙi suke ɗaukar hotonsa, shi kaɗai ne kuma ke da jan fenti.

Ga yadda abin ya faru. Shekara tara da suka wuce, ma'aikatar da nake aiki ta samu kuɗin farfaɗo da wuraren tarihi, aka ɗora ni a kan Oke-Olo saboda ni ɗan gari ne. Lokacin mahaifina, Akanni, ya shekara biyu da rasuwa. Bangon da ya gina yana da 'yar tsaga kusa da taga, wadda bokitin siminti ɗaya zai rufe. Da leburori suka zare dutse biyu don su gyara, sai na ga a saman kowanne, a fuskar da ke ɓoye cikin bango, an sassaƙa wata alama kamar sawun kaza. Aka zare na uku, shi ma haka. A ranar na yanke shawarar cewa na gano tsohon rubutun mutanen Oke-Olo. Na rubuta takarda mai shafi ashirin a kan haka, aka buga ta, mutum huɗu suka karanta. Sannan na ba da umarni a sauke bangon gaba na kowane gida, a tsayar da duwatsun a kan gefensu, alamar ta fuskanci titi, duniya ta gani. Da gidanmu aka fara. Kafin a kai gida na biyu kuɗin ya ƙare, kuma wannan shi ne babban alherin da ma'aikatarmu ta taɓa yi wa garin.

Mutum ɗaya ne ya yi magana. A taron da muka yi a ɗakin taron gari, Baba Raimi, wanda suka yi shekara talatin suna fasa dutse a rami ɗaya da mahaifina, ya miƙe ya ce kada a tsayar da duwatsun, domin a kwance suke a cikin tsauni kuma a kwance ya kamata su zauna a bango. Na ba shi amsa da Turanci, minti goma cur. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Aka tafa mini. Ya ɗauki hularsa ya fita, ban sake yi masa magana ba tun ranar.

Na tarar da wasu ɗaliban kwalejin horar da malamai a gaban bangon, malaminsu yana karanta musu bayanina daga wani ƙaramin allo. Na tsaya a bayansu na saurara. Ban taɓa jin ƙarya mai tsari irin wannan ba. Da suka wuce na matsa na sa yatsa a jikin wani dutse. Fuskarsa ta ɓare ta biyo hannuna kamar ɓawon albasa, har da rabin sawun kazan.

"Ci gaba, ƙarasa shi," in ji Yaya Sikira daga bakin ƙofa, muciya a hannu. "Ka rage wa katafila aiki."

Na rusuna na gaishe ta. Ta dube ni daga hula zuwa takalmi.

"Ka yi ƙiba. Tarihi yana biya, ashe. Shigo ka ci abinci, ba na zagin mutum da yunwa a cikinsa."

Ta zuba mini amala da miyar lalo a ɗakin gaba, inda take sayar da abinci. Daga ciki ana ganin hasken rana ta tsakanin duwatsun, a wurare uku. Ta cusa tsumma a biyu. Direbobin tifa biyu suna ci a ɗaya bencin, kuma na lura dukansu sun zauna kusa da ƙofar baya.

"Zan kawo injiniya daga Ibadan," na ce.

"Kawo biyu. Ɗaya ya riƙe bangon, ɗaya ya yi masa Turanci."

Direbobin suka yi dariya a cikin kwanukansu.

"To me kike so in yi, Yaya?"

"Mutum ɗaya ya rage a garin nan da ya san bangon nan, ka kuma san shi. Yana gindin bishiyar mangwaro a bayan masallaci, yana cutar mutane a dara. Ka je ka kwanta masa. Ba irin rusunawar nan taku ta 'yan ofis ba, kamar mai neman makullin da ya faɗi. Ƙirji a ƙasa."

"Da wannan rigar?"

"Cire ta, in tana da ubanta a garin nan."

Ban cire ba. Na tafi da ita, fara sol, mai aiki a wuya, na tarar da Baba Raimi inda ta ce. Ya ƙanƙance. Idonsa ɗaya ya yi fari, hannuwansa kuma suna rawa har 'ya'yan darar suna ƙara a tafinsa. Tsofaffi uku suna kallon wasan. Na tsaya na ɗan jira ko za su tashi, ba wanda ya motsa. Sai na tattara rigar na kwanta rub da ciki, kamar yadda ɗa yake gaida uba a wurinmu. Rabona da yin haka shekara ashirin, kuma a tsakani na tara tumbin da ya hana ƙirjina isa ƙasa.

Baba Raimi ya ƙarasa zuba 'ya'yansa rami-rami, ya kwashe na abokin wasansa, sannan ya leƙo.

"Wane ne wannan yake iyo a ƙasa?"

"Ni ne, Baba. Folarin, ɗan Akanni."

"Furofesa! Kai, ku ɗaga shi, kada gwamnati ta ce mun kashe mata mutum." Ba wanda ya ɗaga ni, shi ma bai ce in tashi ba. "Da wane yare ka zo yau?"

"Da namu, Baba."

"Ashe kana ji. Na ɗauka ya zube a hanya."

"Baba, na yi kuskure. Na zo neman gafara, na kuma zo roƙo. Za a rushe gidan."

"Na ga fentin. Ido ɗaya ya ishi ganin ja." Ya juya 'ya'yan dara a hannu. "Tashi, ɗan Akanni. Rigar nan ta fi ka ban tausayi."

Ya aika aka ɗauko masa wata 'yar guduma daga gida, ƙotarta ta yi santsi don tsufa. Muka taka zuwa layin kasuwa a hankali, yana dafe da kafaɗata. Ban san ko don rauni ne ko don gari ya gani ba, kuma gari ya gani.

A gaban bangon ya sake ni. Bai dubi alamomin ba. Ya fara daga ƙasa ta hagu, yana ƙwanƙwasa kowane dutse sau ɗaya, kunnensa a kusa. Abin mamaki, da gudumar a hannunsa rawar ta ragu. Na farko ya amsa da ƙara mai kauri, kamar an buga buhun gari. Na biyu ma haka. Can a jere na uku wani ya yi ƙara siririya, kamar ƙarfe.

"Wannan yana da rai," in ji shi. "Sikira, kawo gawayi."

Ta kawo, ta shafa wa dutsen baƙi. Haka suka bi bangon, shi yana bugawa, ita tana shafawa, ni ina riƙe da tsani idan an zo na sama. Aikin da digirina ya samu ke nan a ranar. Mutane suka taru. Wata mata ta ce da ɗiyarta, ba a hankali ba, "Shi ne wanda ya juya su."

Da aka gama, duwatsu bakwai ne ke da gawayi, a cikin fiye da ɗari biyu.

"Sauran fa, Baba? In an sauke su aka mayar da su kwance?"

Ya sa farce ya ɓare ɗaya, ya nuna mini gefensa. "Duba. Dutsen tsaunin nan hawa-hawa yake, kamar takardun littafinka. In yana kwance, ruwa ya sauka a bayansa ya wuce, nauyin gini kuma yana ƙara danne shi. Kai ka tsayar da shi, ka buɗe wa sama bakinsa. Damina tara yana sha. Ko ka kwantar da shi yau, ka ɗora masa ɗan'uwansa, murƙushewa zai yi."

"Alamar kuma..."

"Alamar cewa take yi nan ne sama. Shi ke nan. Tun a rami muke sa ta, kafin a ɗaga dutsen, don kada magini ya rikice. Sawun kaza na ubanka ne, nawa layi biyu. Ana ɗora wani dutsen a kanta, ba ta sake ganin rana. In ka ga alamar mutum a waje, to maginin jaki ne." Ya ɗaga kai ya dubi bangon daga wannan gefe zuwa wancan. "Shekara tara ina bi ta bayan kasuwa don kada in ga sunan abokina sau ɗari biyu a kan aikin jaki."

Ba wanda ya yi dariya, da ma an yi.

"A samo sababbi," na ce. "Ko nawa ne."

"A ina? Ramin da muka ciro waɗannan yana ƙarƙashin inda kamfanin tsakuwa yake ajiye tifofinsa. Abin da ya rage a tsaunin kuma nakiya ta gama da shi. Duk dutsen da ya ji nakiya ya tsage a ciki, ko da ido bai gani ba, tsakuwa kawai zai yi. Mu da wuta da ruwa muke fasawa, dutse ɗaya kwana biyu. In ma an samu, wa zai sassaƙa? Ni?" Ya ɗaga hannunsa, ya bar shi yana rawa a gaban fuskata. "Ko kai?"

Wani abu ya daɗe yana ci na, sai na tambaya. Leburorin da suka sauke bangon 'yan garin nan ne, 'ya'yan mafasa dutse. Ɗaya daga cikinsu, Sadiku, yana tsaye a cikin taron, yanzu shi ne birkilan unguwar.

"Sadiku, kai ka san abin da alamar take nufi?"

Ya sosa ƙeya. "Ranka ya daɗe, kowa ya sani. Ko ƙanwata ta sani."

"Me ya hana ka faɗa mini?"

"To, Baba Raimi ya faɗa a taro, ka ba shi amsa. Mu muka ce ko an gano wani sabon abu ne a jami'a. Kai ne garin nan ya tura karatu, yallaɓai. In ba ka fi mu sani ba, me ka je yi?"

Na ɗauki tsanin na jingine shi a gefe.

Baba Raimi ya zauna a bencin Yaya Sikira, ta kawo masa ruwa. Ya sha, ya goge baki.

"Rabin laifin na Akanni ne," in ji shi. "Na faɗa masa yana da rai, ba gulmar mamaci nake yi ba. Ka tuna ranar da ka biyo mu rami, kana ɗan shekara takwas?"

Na tuna. Mahaifina ya kore ni da tsumagiya tun daga bakin ramin har ƙofar makaranta, a gaban kowa.

"Ya ce hannunka ba zai taɓa dutse ba, ƙurar da ta cika masa ƙirji ba za ta shiga naka ba. Na ce masa, Akanni, bar yaron ya yi mako ɗaya da mu, ya san sama da ƙasa, sannan ya je ya zama gwamna. Ya ƙi. Duk dutsen da ya fasa, kuɗin makarantarka yake gani a ciki. To ga shi, ka yi karatun, ka dawo." Ya miƙa wa Yaya Sikira kofin. "Bai yi tsammanin bangonsa za ka fara karantawa ba."

Yaya Sikira ce ta yanke maganar, kamar yadda ta saba.

"To, an gama wa'azi? Ni dai rufin kaina nake so. Sadiku, bulo nawa zai ci?"

"Yaya, bangon babanmu ne," na ce. "Ba za a sa bulo a..."

"Bangon Baba ka sauke shi shekara tara da suka wuce, Akawu. Wannan naka ne, kuma ya ishe ni. Kai za ka koma Ibadan ka yi baƙin cikinka a ƙarƙashin fanka. Ni ce ruwa zai tarar a nan."

Na dubi Baba Raimi, ko zai goyi bayana. Ya ɗaga kafaɗa.

"Sa bulon, 'yata. Bulo ba shi da sama ba shi da ƙasa, ko ɗan'uwanki ba zai iya ɓata shi ba."

Na ɗauki hutun mako biyu na zauna. Ranar Litinin aka tokare rufin da itatuwa aka fara sauke bangon. Yawancin duwatsun ba su kai ƙasa a ɗaya ba, a hannu suke rabewa. Matan da ke fasa tsakuwa a bakin hanya suka zo da kwanduna suka kwashe, suna godiya, don ba su taɓa samun dutse mai sauƙin fasawa haka ba. Bakwai ɗin nan masu gawayi Baba Raimi ya sa aka jera su a gindin sabon bangon, a kwance, yana zaune a kujera yana nuna wa Sadiku da sanda. Aka ɗora bulo a kansu, aka shafe da siminti. Jami'in ƙaramar hukuma ya zo ya duba, ya ci amala kwano biyu, ya sa hannu. Gidan ya tsira, saura kwana shida wa'adin ya cika.

Saura abu ɗaya. Layin yana cikin kundin wuraren tarihi, kuma dokar kundin ta ce duk bangon da ke fuskantar titi dole ya kasance da kamannin dutse. Na san dokar sosai, ni na tsara ta. Saboda haka aka kira mai fenti, wani mutumin Ogbomoso mai fara'a, ya shafe bangon da ruwan toka, ya haɗa baƙin fenti a gwangwani don ya zana layukan duwatsu. Ya tsoma buroshi, sannan ya juyo.

"Oga, an ce a gidan nan aka haife ka. Yaya na asalin suke? Manya ne a ƙasa, ƙanana a sama? Jere nawa ne daga ƙasa zuwa taga?"

Na buɗe baki. Shekara goma sha tara na kwana a bayan bangon nan, na jingina da shi na yi haddar darasi, na rubuta shafi ashirin a kansa. Na dubi simintin, na yi ƙoƙarin ganin abin da yake wurin a da. Ba abin da ya zo.

Yaya Sikira tana ciki tana tuƙi, Baba Raimi ya koma wurin dararsa. Ban shiga na tambaye ta ba, ban kuma aika a kira shi ba.

"Zana yadda ka ga ya yi kyau," na ce.

Ya zana su duka girma ɗaya, da ma'auni, layi a miƙe. Kafin la'asar ya gama, ya wanke buroshinsa a kwata, ya tambaye ni ko na gamsu. Na ce masa ya yi.